Yadda Ake Datse Shinge

Manomin da ya kewaye lambunsa da ƙaya ko kara, kowace shekara sai ya sake, don gara da iska ba su barinsa. Wanda kuwa ya dasa shinge mai rai, irin na lalle, ko aguwa, ko dashi, ko bini-da-zugu, ya huta da wannan wahala. Amma fa sai in yana datse shi. Shingen da aka ƙyale yakan miƙe sama, gindinsa ya zama fayau. Ta nan akuya za ta kutsa ta cinye rogo da tumatir, a wayi gari maƙwabta suna gaban mai unguwa.

Dalilin haka shi ne, tohon da ke kan tsinin reshe yakan danne idanun da ke ƙasa da shi, ya hana su fitowa. Da an yanke tsinin, sai idanun nan su farka, reshe ɗaya ya haifi 2 ko 3. Watau datsa ita ke cika shinge.

Babbar datsa a ƙarshen bazara ake yinta, wajen Afrilu zuwa Mayu, gab da faɗuwar ruwa, domin ruwan farko ya tarar da itacen a shirye ya yi toho. Kada a yi ta da shigowar hunturu. Lokacin nan ƙasa ta bushe, an kuma saki dabbobi, ɗan tohon da ya leƙo sai su cinye. Cikin Agusta a yi masa aski kaɗan, a rage rassan da suka zarce 'yan'uwansu. Mai lalle kuma ya ƙara wani askin da kaka, ya shanya ganyen a inuwa, ya kai kasuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sabon shinge, in ya kama sosai, a sare shi a bar kamar ƙafa 1 daga ƙasa. Manomi zai ji kamar ya yi ɓarna, amma wannan sara ita ke sa ya yi rassa tun daga gindi. Kowace shekara a bar shi ya ƙaru da ƙafa 1, har ya kai ƙafa 5. Nan ne hannu ke kaiwa ba tare da tsani ba.

A kafa turke a kowane ƙarshe, a ɗaura igiya daidai tsayin da ake so, a bi ta. A fara da gefe, daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan a share kai. Lalle ne gindi ya fi kai faɗi: in gindi ƙafa 3 ne, kai ya zama ƙafa 2. Ta haka rana za ta sami rassan ƙasa. In kai ya fi faɗi, inuwarsa za ta kashe su.

Adda ta kasance da kaifi, a yi sara ɗaya a karkace, don ruwa ya zurare. Dakusasshiyar adda tsaga reshe take yi, ruɓa da gara su sami ƙofa. Reshe mai kauri sai zarto. A kiyaye ido da ruwan aguwa da na bini-da-zugu, a kuma hana yara cin 'ya'yan bini-da-zugu, gama guba ne.

Tsohon shingen da ya lalace ba a sare shi gaba ɗaya. A yi gefe ɗaya bana, ɗayan baɗi, a zuba masa taki. Rassan dashi da aguwa da aka sare kuwa kada a ƙone su. A kafa su inda shingen ya yi giɓi, za su kama.

A ƙasar Sukotlan, a wani ƙauye Meikleour, akwai shingen wani itace da Turawa ke kira bic. A 1745 aka dasa shi, tsayinsa ya kai kimanin ƙafa 100, har yanzu kuwa ana datse shi. Manomi ya duba nasa shingen tun yau, ya wasa addarsa kafin bazara.