Jaririn da ya tona asirin danginsa

In damina ta zauna, ka leƙa kududdufi a Kaikai ko wani tafki a hanyar Kankia zuwa Kusada, za ka ga 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya suna iyo kamar ƙananan kifaye. Wanda bai sani ba, ba zai taɓa haɗa su da kwaɗo ba. Riƙe wannan sura a ranka, don da ita za mu je teku.

Akwai wata halitta a teku da Turawa ke kira sea squirt. Idan ta girma, kamar 'yar salka take, manne a jikin dutse, tana zuƙar ruwa ta kafa ɗaya tana fesarwa ta ɗayar. Ba ƙashi, ba ido, ba ta zuwa ko'ina. Masana sun daɗe suna ajiye ta cikin dangin katantanwa.

A 1866 wani masani ɗan Rasha, Alexander Kowalevsky, ya bi ƙwanta a madubin ƙara girma har ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito sak ɗan kwaɗo ne: kai da wutsiya, yana iyo. Cikin wutsiyar akwai wani siririn sanda mai lanƙwasuwa, ga igiyar jijiya shimfiɗe a bisansa. To, kai ma ka taɓa samun wannan sandan, kana 'yan makonni a cikin mahaifa, kafin ƙashin baya ya maye gurbinsa. Ragowarsa na nan a tsakiyar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayanka.

Jaririn ba ya cin komai. Cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki sai ya kafa kai a dutse, ya tsotse wutsiyar, sandan ya ɓace. Za ka ga ana yaɗawa a intanet wai yana cinye ƙwaƙwalwarsa. An ƙara gishiri, babbar ma tana da ƙullin jijiyarta.

Sai dai ni ba na yarda da kamannin jariri shi kaɗai, domin rayuwa iri ɗaya a ruwa kan sa bare su yi kama. Shi ya sa binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Nature a 2006 ke da nauyi: ya nuna cewa a duk halittu marasa ƙashin baya, rukunin wannan 'yar salkar ne ya fi kusa da kifi, da kwaɗo, da mu.