Wa Ya Gaya wa Wayar?

Ɗan ƙanwata mai gyaran wayoyi a kasuwar Madawa ne ya kawo mini tambayar har gida, a Galma Kudawace. Yayansa da ke biɗa a Abijan yana son gwada aiko da kuɗin intanet da ake kira Monero, yaron kuwa ya tsorata da adireshin. Na Monero haruffa da lambobi 95 ne a jere, kuma kuɗin da ya tafi ba ya dawowa. Yana cikin koyo, sai ya rubuta donate.getmonero.org a gurbin mai karɓa. Nan take dogon adireshi ya bayyana.

"Kawu, wa ya gaya wa wayar?"

Da farko mun zargi wayar kanta, ko ta adana shi ne kamar lambobin mutane. Ya ɗauko wata da bai taɓa saka manhajar Monero a ciki ba, ya saka, ya rubuta sunan, adireshin ya sake fitowa. Muka kashe intanet, muka gwada: shiru. Ashe daga waje amsar take zuwa.

Sai muka koma kan kamfani. Mu a nan mun saba da Nita da Al Izza: ka ba da suna da lambar waya, ma'aikaci ya duba rajista, a biya mutum a Buza ko Keita. Amma Monero ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci a bayan taga, kuma kundin cinikinsa an gina shi ne don ya ɓoye mai aikawa da mai karɓa. Babu sunan kowa a ciki.

Yaron ne ya lura da abin da ya wuce ni. "Kawu, dubi ɗige-ɗigen nan. Ai wannan sunan shafi ne."

Nan bakin zaren ya fito. Tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, rajistar da ke mayar da sunan shafi zuwa lambobin da kwamfuta take ganewa. Aikinta kamar baƙo ne da ya sauka gari yana neman gida. Ya tambayi mai gari, a tura shi ga mai unguwa, shi kuma ya nuna masa ƙofar mai gida. Daga ƙarshen suna ake farawa: masu riƙe da .org su nuna getmonero, shi kuma ya ba da abin da ke ƙarƙashin donate. Haka .ne na Nijar yake aiki, haka .ng na Najeriya. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, mai suna yana da wani fili a rajistar, ana ce masa TXT, inda zai rubuta duk abin da ya ga dama.

Muka buɗe filin da wata manhajar duba rajista. Ga layi ya fara da oa1:xmr, sannan adireshin nan mai 95, harafi bayan harafi daidai da wanda ya fito a waya. Sunan tsarin OpenAlias, mutanen Monero suka fito da shi a 2014, kuma ba nasu kaɗai ba ne: a sa btc a maimakon xmr, ya zama na Bitcoin, jakar kuɗin intanet ta Electrum ma tana karanta shi. In an rubuta sunan da alamar @ kamar imel, manhajar takan mayar da ita ɗigo kafin ta tambaya.

Na ɗauka an gama. Amma yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To in wani ya tare baƙon a hanya, ya nuna masa gidan da ba shi ba fa?"

Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi, kuma na ji daɗi da ta fito daga bakinsa. Tsohuwar DNS ba ta da hatimi, ana iya cusa amsar ƙarya a tsakani. Maganinta DNSSEC, inda kowane mataki yake sa hannu a kan na ƙasa da shi, tun daga tushe. Jakar kirki takan yi gargaɗi in babu sa hannun. Sabon tsarin Bitcoin na 2024, BIP 353, ya ma wajabta shi.

Saura biyu da hatimi ba ya magancewa. Sunan shafi haya ne, ana sabunta shi. Ranar da ka bari ya faɗi, wani zai iya saye ya rubuta nasa adireshin, kuɗin ’yan’uwanka su bi shi. Sannan filin a buɗe yake ga kowa. In adireshin Bitcoin ka liƙa wa sunanka, duk mai so zai ga abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma a ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka na ce masa ya yi amfani da sunan, amma kafin kuɗi ya tashi daga Abijan, su kira juna shi da yayansa, su karanta haruffan farko da na ƙarshe na adireshin, su fara da ɗan kaɗan. Kai ma mai karatu, in za ka aika, yi haka.