Bayan Ruwa Ya Janye: Ƙwari da Cututtukan Shinkafa Mai Jure Ambaliya

Shirinmu na yau na manoman fadama ne, musamman waɗanda suka fara shuka irin shinkafar nan da ake cewa ba ta jin tsoron ambaliya.

Asalin wannan iri daga jihar Odisha ta ƙasar Indiya yake. Can manoma suka daɗe da wata tsohuwar shinkafa mai ƙarancin amfani, amma ko ruwa ya shanye ta ba ta mutuwa. Masana, ciki har da David Mackill na cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin da Pamela Ronald ta jami'ar Kalifoniya, suka gano ƙwayar gadon da ke ba ta wannan juriya, suka bayyana ta a 2006 da sunan Sub1. Shinkafar da aka saba da ita, in ruwa ya rufe ta, sai ta yi ta miƙewa tana neman iska har ƙarfinta ya ƙare. Ita kuwa wannan lafewa take yi, ta adana abincinta har kimanin mako biyu. Indiya ta fitar da Swarna-Sub1 a 2009, Najeriya kuma ta fitar da FARO 66 da FARO 67 a 2017, da haɗin gwiwar cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi.

To amma fa, masu sauraro, maganin ruwa kaɗai wannan ƙwayar gado take yi. Ba ta korar tsutsa, ba ta hana cuta. Shinkafar da ta kwana goma a ƙarƙashin ruwa kan fito a galabaice, ganyenta ya yayyage, laka ta lulluɓe shi. A daidai lokacin da manomi ke hamdala cewa gonarsa ta tsira, a lokacin ne ƙofa take a buɗe.

Cutar da ta fi amfana da wannan hali ita ce ta ƙunar ganye, wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa. Ta raunin ganye take shiga, kuma ruwa da iska ne ke kai ta daga wannan gona zuwa waccan. Za ka ga bushewa ta faro daga bakin ganye tana gangarowa, fari-fari kamar an babbake. Ta addabi gabashin Indiya da Bangaladash masu zafi da laima, har sai da masana suka koma suna cusa wa irin Swarna wasu ƙwayoyin gadon na jure ta.

A can Asiya kuma akwai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa da ke zama a gindin shinkafa yana tsotse ta har gona ta bushe. Abin lura game da shi, yawan feshi ne ke ƙara masa yawa, domin maganin yana kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinye shi. Abin ya kai ga a 1986 gwamnatin Indunisiya ta haramta amfani da magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa.

Mu dawo gida. A fadamun da damina ke daɗewa, kamar na jihar Neja da kudu maso gabas, babban abokin gaba wani ƙwaro ne mai kama da sauro. Tsutsarsa kan shige cikin zuciyar shinkafa, sai reshen ya fito da wani dogon bututu kamar ganyen albasa. Duk reshen da ya yi haka ya tashi aiki, ba zai fitar da zangarniya ba. A 1988 ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki. Ambaliya na taimaka masa ta wata hanya: tana jinkirta girman shuka, wasu su sake dashe a makare, sai ƙwaron ya riƙa samun shinkafa ɗanya daga wannan gona zuwa waccan. Da rani kuwa a jikin shinkafar daji da toho na tsofaffin kututture yake fakewa.

A wuraren noman rani na yankin Sahel, irin na gaɓar Kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar, cutar da ake kuka da ita ita ce mai mayar da ganye rawaya da dabbare-dabbare, shuka ta tsumbure. A Kenya aka fara ganin ta a 1966, kusa da Kisumu. Ƙananan ƙwari masu cin ganye na yaɗa ta, haka ma hannun mai dashe, da lauje, da dabbar da ta ratsa gona. Ba ta da maganin feshi ko kaɗan. Abin takaici ne a ga manomi ya ɗauka yunwar taki ce, ya ci bashi ya zuba yuriya, alhali abin da ya kamata shi ne ya tumɓuke masu cutar ya ƙone tun suna 'yan kaɗan.

Wannan gaggawar zuba taki ita ce ta fi damuna. Yuriya mai yawa a kan shukar da ta fito daga ruwa tana sa ganye ya yi laushi, ƙunar ganye ta samu wurin zama. Inda dare ke da sanyi da raɓa mai yawa kuma, sai cutar naman gwari mai karya wuyan zangarniya ta biyo baya. A bari shuka ta farfaɗo na 'yan kwanaki, sannan a ba ta takin kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma tsutsar da ke yanke ganye ta naɗe kanta a ciki tana yawo a saman ruwa. Ita da sauƙi: a tsiyaye ruwan gonar na kamar kwana uku, domin ba ta rayuwa sai da shi.

Don haka, Malam manomi, ranar da ruwa ya janye, ka shiga gonar da ƙafarka, ka sunkuya ka duba gindi, ka juya ganye. Abin da ba ka gane ba, ka tsinko shi ka kai wa malamin gona kafin ka sayi ko da kwalba ɗaya ta magani. Ku kuma yi shawara da maƙwabta a yi dashe lokaci guda, a share tsohon toho da shinkafar daji a bakin magudanan ruwa.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi noma lafiya.