Abin da Na Gani Cikin Majami'a a Garki

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin malanta a wata makarantar firamare a Garki, cikin Abuja, ran nan sai yara biyu 'yan aji biyar suka kama dambe. Da na raba su na bi ba'asi, ashe ɗayan ne ya ce wa ɗan'uwansa wai gumaka su ke yi wa sujada ran Lahadi. Na tsawata masa, amma da ya ce, "To, Malam, ba haka ba ne?" sai na rasa ta cewa, gama ban taɓa sa ƙafa cikin majami'a ba. Saboda haka ran Asabar na roƙi wani abokin aikina ya kai ni tasu, watau majami'ar Katolika ta Our Lady Queen of Nigeria da ke Area 3.

Muna shiga ya tsoma yatsu cikin ruwa a bakin ƙofa, ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa da kafaɗunsa. Ya ce wannan tuni ne ga baftismarsa, don ta ruwa mutum ke shiga ikilisiya.

A gaba can akwai babban teburi da a ke kira bagade, shi ne cibiyar ɗakin duka, bisansa a ke keɓe gurasa da ruwan inabi. A dā bagade na jingine da bango, Fada yana karatu da Latin, jama'a na bayansa. Bayan babban taron bishop-bishop da aka yi a Roma daga 1962 zuwa 1965 aka jawo shi gaba, Fada ya fuskanci mutane, aka kuma shiga yin addu'a da harshen da su ke ji. Mu malamai mun san bambancin mai magana da allo da mai magana da yara. A gefe guda ga mumbari, inda a ke karanta Littafi Mai Tsarki.

Na ga fitila tana ci da rana tsaka kusa da wani ɗan akwati, har na zaci mantuwa aka yi. Ashe da gangan ne. Cikin akwatin a ke ajiye gurasar da aka keɓe, su kuwa Katolika sun gaskata Almasihu na nan cikinta, don haka muddin tana ciki ba a kashe fitilar, kowa ya zo wucewa sai ya rusuna. Tufafin Fada ma kalanda ne: fari a Kirsimeti da Ista, shunayya cikin kwana arba'in na azumi, ja ran Fentikos, kore a yawancin sauran makonni.

Abin da ya fi tsai da ni shi ne hotuna goma sha huɗu da aka jera a bango. Labari guda ne aka yanka gunduwa gunduwa, tun daga hukuncin da Bilatus ya yanke wa Yesu har zuwa sa shi cikin kabari, yadda Kirista su ke ba da shi. Paparoma Clement na 12 ne ya tsai da yawansu a 1731. Mutum ya kan bi su da ƙafa, ya tsaya gaban kowane ɗaya. Tun wajen shekara ta 600 Paparoma Gregory ya rubuta wa wani bishop na Marseille wanda ya farfasa hotuna, ya nuna masa hoto ga wanda bai iya karatu ba daidai ya ke da rubutu ga mai karatu. Da na ji haka sai na tuna da taswirorin da a ke matsa mana mu rataya cikin aji.

Sa'an nan na yi tambayar da ta kawo ni, a kan siffar Maryamu da ta Yesu bisa gicciye. Ya ce, "Malam, hoton marigayi mahaifinka da ke ɗakinka, bauta masa ka ke yi?" Na ce a'a. Ya ce to, su ma girmamawa ce da tunawa, sujada kuwa ta Allah ce kaɗai. Amma bai ɓoye mini ba, Kirista kansu ba su daidaita a kan wannan ba. A majami'un ECWA da na Baptist ba ka samun siffa, gicciyensu ba kowa a kai, don su nuna ya tashi, mumbari kuma shi ke tsakiya domin wa'azi su ke sa gaba.

Ran Litinin na zana fasalin ɗakin a allo, na miƙa wa yaron da aka zaga alli ya nuna mana mazaunin kowane abu. Ya sa bagade da fitila daidai, amma hotunan bango goma sha biyu ya ce. Wanda ya zage shi, da ya ke ya ji ni na faɗi adadin tun farko, shi ya ɗaga hannu ya gyara masa.