Me Ya Sa Sabis Ɗin Waya Ke Cin Nisa, Wi-Fi Kuwa Iyakarsa Tsakar Gida?

Tun watan Agusta na shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, mutanen karkara suka saba da abu guda. Ƙarfen sabis yana can cikin gari, amma waya tana kamawa a ƙauye mai nisan kilomita da yawa. Yanzu kuma ga wata 'yar na'ura da ake kira rauta, wadda ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci ba tare da an ja igiya ba. Wannan tsari shi ake kira Wi-Fi. Shi kuwa da ka ɗan yi nisa da gida sai ya yanke. To, tunda duka biyun ta iska suke aika saƙo kamar gidan rediyo, me ya kawo bambancin?

Dalili na farko shi ne tsawo. Ƙarfen sabis yakan kai mita 30 ko fiye, saboda haka saƙonsa yana bi ta kan gidaje da itatuwa. Rauta kuwa a kan tebur take, bango ya kewaye ta.

Na biyu shi ne ƙarfi. Wayar GSM tana iya aika saƙo da ƙarfin wat 2, ƙarfen sabis kuma ya ninka haka sau da yawa. Rauta ta gida ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ba. Da gangan aka yi haka. Kamfanonin waya sayen zangonsu suke yi, don a gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi a Janairun 2001, kuɗin lasisi ɗaya dala miliyan 285 ne. Zangon Wi-Fi kuwa na kowa da kowa ne, kamar rijiyar unguwa. In aka bar kowa ya ɗaga murya, ba wanda zai ji wani.

Na uku shi ne zango. A karkara GSM ya fi amfani da megahaz 900, Wi-Fi kuma 2,400 ko 5,000. Duk lokacin da wannan adadi ya ƙaru, saƙo yakan fi shan wuya wajen ratsa katanga da ganye. Shi ya sa Wi-Fi bai cika wuce mita 30 zuwa 50 a cikin gini ba, a fili kuwa kamar mita 100. Ita ma waya tana da iyaka. A tsarin GSM na asali, ba ta haɗuwa da ƙarfen da ya wuce nisan kilomita 35, kuma tudu ko dutse kan rage wannan nisa ƙwarai.

Jama'a, a nan ne ake asarar kuɗi. Rauta mai ɗaukar layin waya ba ta ƙirƙirar sabis. Tulu ce, ƙarfen sabis shi ne rijiyar. In babu sabis a ƙauyenku, sayenta ba zai kawo shi ba. Kafin ƙungiyarku ko ajin yaƙi da jahilci su haɗa kuɗi, a fara gwada layin a cikin waya, a daidai ɗakin da za a ajiye ta.

In sabis ɗin yana da rauni, a ɗora rautar a sama kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen yake. A nisanta ta da rufin kwano da katanga mai kauri. A kuma sani cewa waya takan ƙara ƙarfin aikawa in ta yi nisa da ƙarfen sabis, shi ya sa cajinta ke saurin ƙarewa a daji. Wanda ya karanta wannan bayani ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa.