Wai yawanmu ne ya jawo talauci?

Ranar wani taron zubi a Safana, muna ƙirga kuɗin akwati, wata dattijuwa ta tare ni: "'Yar nan, wai da gaske ne Turawa sun ce yawanmu ne ya talauta mu?" Na ce, "Inna, su kansu sun daɗe suna gardama a kai."

Tun 1798 wani ɗan Ingila mai suna Malthus ya ce mutane za su yi yawa har abinci ya gaza. Sai ga shi taki da ingantaccen iri sun ƙara amfanin gona fiye da zatonsa. A 1994 ƙasashe 179 suka taru a Alƙahira, suka amince cewa tilasta wa mutane rage haihuwa ba hanya ba ce. A ba mace ilimi da lafiya, shawara kuma ta ma'aurata ce.

To, abin da masu bincike suka fi dubawa yanzu lissafi ne da kuka riga kuka sani: hannu nawa ke nema, baki nawa ke ci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina tana haihuwar 'ya'ya bakwai da ɗoriya a rayuwarta, mafi yawa a Najeriya. In duk ƙanana ne a lokaci guda, ga magani, ga sutura, ga abinci, daga ina kuɗin zubi zai fito?

Labarin da ya fi shiga raina na Matlab ne, wani yankin karkara a Bangaladash, Musulmi manoma kamarmu. Daga 1977 aka sa mata 'yan gari suna bin gida-gida a wasu ƙauyuka, suna kai wa matan aure shawara da hanyoyin tazarar haihuwa. Sauran ƙauyukan ba a kai musu haka ba. Bayan kusan shekara 20 aka gwada: inda aka yi aikin, mutuwar yara ta ragu, iyaye mata sun fi ƙoshin lafiya, gidaje sun fi tara kadara.

Ni dai ba zan ce yawan 'ya'ya ne ya hana mutanen Batsari noma gonakinsu na gefen dajin Rugu ba. Kowa ya san abin da ya hana. Amma kwanika kam a hannunmu take, kuma kun ga yadda take kayar da mace: ga goyo, ga laulayi, sana'a ta tsaya, rance ya ƙi biyuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bari aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, kusan daidai da lokacin yaye na iyayenmu.

Taro mai zuwa kowa ta zo da wake da masara. Ƙwayar wake ɗaya ga duk mai nema a gidanki, masara ɗaya ga duk mai ci. Za mu shimfiɗa su a tabarma mu duba tare, kafin a buɗe akwati.