Daga "fakin" zuwa "bulokin": yadda Ingilishi ke shiga Hausar Nijar ta ƙofar Najeriya

A ƙarshen watan Maris na 2025, kundin sake fasalin ƙasa da hukumomin Yamai suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka aza tubalinta a birnin Yamai a 1970. A takarda, Ingilishi sabon baƙo ne a fadar gwamnati. A tashar mota ta Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram kuwa, ya daɗe da zama ɗan gida, sai dai ya sake kama har masu furta shi ba su gane shi.

Wanda bai taɓa zama ajin lakwal ba yana cewa mota, taya, birki, tasha, fasinja, burodi, bokiti, kanti. Dukkansu daga Ingilishi suka fito, alhali Ingila ba ta taɓa mulkin Nijar ba. Hanyar da suka biyo sananniya ce: iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya riƙa jan gyaɗar Maraɗi da Damagaram zuwa teku, da direbobi da ƴan ci-rani masu bin Jibiya, Daura da Illela. Daga baya rediyo ya kama aikin. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kuma kalmomi irin su gwamnati, minista da kwamiti sun zauna a kunnen ƴan Nijar ta wannan hanya.

Hausa ba ta karɓar baƙuwar kalma sai ta yi mata kwaskwarima, kuma ƙa'idojin a bayyane suke. Harshen bai son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ya soka wasali a tsakani: haka aka samu burodi, direba, firamare da tirela. Bai cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, sai ya ɗora mata wasali, kamar a bokiti da fenti. Harafin p kuwa yakan koma f, shi ya sa ake da famfo, fakiti da fasinja, wanda a bakin mutanen Tahoua yakan ƙara juyewa ya zama hwasinja.

Bayan sauti sai jinsi. Kalmar da ta ƙare da a, kamar mota, taya ko tasha, galibi mace ce, sai a ce motar ta lalace. Jam'inta ma na Hausa ne: motoci, tayoyi, tashoshi, direbobi, ofisoshi. Babu misalin da ya kai bakanike daɗi. Bahaushe ya ji sunan mai gyaran inji a bakin Bature, ya ɗauka farkonsa irin "ba" ɗin nan ne na Bakano da Bagobiri, sai ya yi masa jam'i irin na Kanawa da Gobirawa: kanikawa. Kalmar da ta kai wannan matsayi ta gama biyan kuɗin shiga gari.

Ma'ana ma tana tafiya inda ta ga dama. Waya asalinta zaren ƙarfe ne da ake aika saƙon tangarahu ta cikinsa, yau ita ce ke aljihun kowa ba tare da zare ko ɗaya ba. Likita a Kano mutum ne mai duba maras lafiya. A garuruwa da dama na Nijar, wanda ya ce zai tafi likita gidan jinyar yake nufi, mai dubawar kuwa lokotoro ne, daga Faransanci. Ita kanta kalmar Turanci tarko ce: a Katsina Ingilishi take nufi, a Maraɗi tana iya nufin Faransanci. Ɗan Nijar da aka tambaya a Legas ko yana jin Turanci, ya amsa da "sosai", zai iya shiga uku kafin a gama gaisawa.

Salon da ya fi yaɗuwa a bakin matasan yanzu daban yake da na kakanninsu. Maimakon a sassaƙa kalmar, sai a ɗauko aikatau na Ingilishi mai ƙarewa da -ing, a sa masa "yi" a gaba: ya yi fakin, ta yi bulokin ɗina, sun yi fostin, ka yi mini filashin. Dalilin da ya sa wannan ya kama da sauri yana cikin Hausar kanta. Tun asali ana cewa yi magana, yi barci, yi aiki, wato "yi" ya ɗauki suna ya mayar da shi aiki. Gurbin a buɗe yake, kowace kalma aka jefa ciki sai ta zauna. Ga kuma sa'a ta biyu: ƙarshen -ing a kunnen Bahaushe ya yi kama da "-n" ɗin nan mai haɗa kalmomi, ta yadda a "cajin waya" da wuya a ce ga inda Ingilishi ya tsaya, ga inda Hausa ta fara.

Wannan gurbin ne Faransanci ke amfani da shi a gefen Nijar: yi apel, yi bip, yi sharje. Saboda haka saurayin Damagaram mai ɗan'uwa a Agege ko a unguwar Nima ta Akara yana riƙe da kalmomi biyu-biyu, yana zaɓe gwargwadon wanda ke kan layi. Da abokin unguwa, rezo ne babu. Da na Legas, netwok ne ya ɗauke. Duwan a nan, kwastan a can, parmi a nan, lasisi a can. Ƴan ci-ranin da suka dawo gida da damina sukan dawo da nasu guzurin, kuma ba a rasa mai tsokanarsu da cewa sun bar Hausarsu a bakin iyaka.

Fina-finan Kano da bidiyoyin TikTok sun ƙara wa abin gudu. A Najeriya har an raɗa wa wannan gauraye suna, Ingausa. Matashin da bai wuce ƴan darussan Ingilishi na koleji ba yana iya rubuta saƙon WhatsApp da rabinsa Ingilishin fim ne. A Maraɗi akwai jami'ar Maryam Abacha, wadda aka kafa a 2013, mai koyarwa da Ingilishi, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Duk mai lissafin neman aiki ya san inda iskar ke kaɗawa.

A rubutu ne rikicin ya fi fitowa fili. Hausa tana da ƙa'idar rubutunta, inda c ɗaya ta isa a rubuta ciki ko cuta. Wanda idonsa ya saba da Ingilishi yakan rubuta "chiki", wanda ya tashi da Faransanci ya rubuta "tchiki", kamar yadda taswira ta bar mana Bauchi a can da Dogondoutchi a nan. Sai kuma yayin waya, inda "zan zo" ya zama "xan xo", ƙ da ɗ da ɓ suka rasa ƙugiyarsu. Tsakanin abokai wannan ba komai ba ne. A sanarwar gidan likita ko takardar yarjejeniya kuwa, kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, haka ma baki da baƙi.

Masu kukan cewa aron kalmomi zai kashe Hausa suna duban wurin da ba nan ciwon yake ba. Harshen da ya haɗiye littafi, alƙalami da lokaci daga Larabci ba bulokin zai shaƙe shi ba. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne ginin jimla. Akan ji "a ƙarshen rana" a inda Bahaushe zai ce daga ƙarshe, ko "bai yi ma'ana ba" a inda zai ce zancen bai kama hankali ba, ko "zan dawo gare ka" maimakon za ka ji daga gare ni. Kowace kalma a ciki Hausa ce tsantsa, shi ya sa ba a lura, amma ƙashin bayan na wani harshe ne. Tsohuwar da ke karɓar saƙon murya daga jikanta na Kumasi za ta gane "fakin" da ƴar alama. Irin waccan jimlar ce ke barinta tana tambayar wace rana ake nufi.

Gidajen rediyo da jaridu, har da na intanet irin wannan, suna da hannu a ciki, domin yawancin irin waɗannan jimloli daga fassarar gaggawa ta labarai suke fitowa. Amma daga ɗakunan fassarar ne aka taɓa samun Majalisar Ɗinkin Duniya da yaƙin cacar baka, sunayen da suka fi na asalin armashi.

Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa, tambayar ta tashi daga hirar fada ta koma teburin ma'aikatu. Littafin ɗan aji ɗaya zai ce lakwal ko makaranta, kaye ko littafin rubutu? Takardar iyaka za ta ce duwan ko kwastan? Kundin bai shiga wannan dalla-dalla ba, kuma Hausa ba ta Nijar kaɗai ba ce, mafi yawan masu magana da ita suna ƙetaren Ɗan Isa da Magarya. Kalmar da aka zaɓa a Yamai sai ta ratsa Kano ta dawo kafin a san ko ta zauna.